Rijiyar Jetha

Jetha bai taɓa zama a aji ba,
amma ya haƙa rijiya arba'in da ɗaya
tsakanin Dholka da bakin teku,
ya ce ƙasar Gujarat littafi ce
da ake farawa daga shafin ƙarshe.

Ni ke jan guga, shi yana ciki.
Duk abin da ya tono, da hannuna yake fara gaisawa.

Taƙi ukun farko: leda, marfin kwalba, ruɓaɓɓen batir.
"Zamaninku ke nan," in ji muryarsa,
"ko gwiwata bai kai ba."

Can sai ga kwabo ya yi kore,
da kan wani Bature mai gemu.
Kakarsa ta ga shekarar da aka sa wa gishiri kuɗi,
gishirin da rana ke bari kyauta a gaɓa,
har mutane suka taka a ƙasa zuwa teku
suka ɗiba da hannu, kulki na sauka a kansu.
Baƙin sun tafi, amma sai da aka ja layi a takarda,
ƙasa ta tsage biyu kamar busasshiyar ƙwarya.
Sumar marini, maƙwabcinta, ya kulle ƙofa,
ya ba ta makulli, ya ce mako biyu zai yi.
Makullin na nan a gwangwanin shayi.

Gaba uku, fasasshen tangaran shuɗi,
irin na kubbobin sarakunan da suka zo kan dawaki
ta ƙofar duwatsun arewa.
Na ce, wane ne cikinsu?
Ya ce, "Ja guga.
Sarki kan shigo a bayan giwa, ya fita a kafaɗar mutum huɗu.
Ka taɓa jin wanda ya kwaɓa ƙasa da kansa?"

Ranar Laraba ya turo mini hannu,
hannun dutse, tafin a buɗe, yatsa ɗaya ya karye.
Bai san ko na wane abin bauta ba ne,
ya dai kai shi goshi kafin ya sa a guga.
Na tuna malaminmu ya ce an yi wani mai ƙasa
da ya ci yaƙi, gawa ta ishe shi kallo,
ya sa aka sassaƙa nadamarsa a jikin duwatsu.
Jetha ya ce, "To, madalla. Matattun sun karanta?"

Daga nan kwana shida babu komai.
Laka, laka, yashin tsohuwar ambaliya.
Igiya ta cinye mini tafi.

Sai diga ta yi ƙara.

Tubali ne gasasshe, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa,
wani kusa da wani, magudanar ruwa ce
ta mutanen da suka yi shekara dubu huɗu da tafiya.
Ga tsakiya ja, ga ɗan hatimi da dabba mai ƙaho ɗaya,
a samanta rubutun da har yau
ba a sami mai buɗe masa baki ba.

Ya daɗe shiru, har na leƙa.
Na gan shi tsugune a ɗan hasken da ya kai ƙasa,
ya sa babban yatsansa cikin wani gurbi a tubalin,
inda magini ya danna tun yana ɗanye.
Ya zauna daidai.

Da la'asar ruwa ya ɓuɓɓugo ta ƙarƙashin ƙafarsa.
Mai gona ya zo da gudu, tambayarsa ɗaya:
"Da zartsi ko babu?"
Jetha ya ɗanɗana, ya furzar, ya ce kaɗan.
Tubalin kuwa ya mayar da shi jikin bango,
ya ce har yanzu bai gama aikinsa ba.